Matakin kulawa da farashin riƙo: yadda jihar Texas ke auna bukatar yaran da ke hannunta

Bahaushe ya san riƙo tun kaka da kakanni: gwaggo ta ɗauki ɗiyar ƙaninta, kaka ta karɓi jika bayan yaye, babu takarda, babu lada sai na Allah. Riƙon da ake yi a Amurka ya sha bamban da wannan tun daga tushe, domin a can kotu ce ke cire yaro daga hannun iyayensa idan ta gamsu cewa yana cikin haɗari saboda cin zarafi ko sakaci, ta danƙa shi ga hukuma, ita kuma hukumar ta nemo masa gida ko cibiya tana biyan kuɗin kowace rana da ya yi a can. Da zarar kuɗi ya shigo cikin maganar, dole a san nawa za a biya da kuma ma'aunin da za a bi, tun da ɗawainiyar jaririn da ba ya bukatar komai sai madara da goyo ba ta kai ta matashin da ya yi yunƙurin kashe kansa sau biyu cikin wata guda ba. Jihar Texas ta warware wannan da tsarin matakan kulawa, wanda ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki da shi, kuma yanzu take ƙoƙarin maye gurbinsa da wani.

Hukumar da ke da alhakin waɗannan yara ita ce sashen kula da iyali da kare marasa ƙarfi na jihar, wanda aka fi sani da DFPS. Kafin shekarar 2003 matakai shida ake da su, sai aka taƙaita su zuwa huɗu. Na farko shi ne matakin yau da kullum, na yaron da ke iya zama cikin iyali kamar kowane yaro, wanda ƙiriniyarsa ba ta wuce ta sa'o'insa ba. Na biyu shi ne matsakaici, na yaron da ke yawan karya doka ba tare da tashin hankali mai yawa ba, ko yakan yi faɗa jefi-jefi, ko yana ɗan raunata kansa. Na uku, mataki na musamman, ya ƙunshi yaran da ke yawan kai hari ba zato, ko suke ji wa kansu ciwo mai tsanani, ko suka yi yunƙurin kashe kansu, waɗanda sai an sa musu ido dare da rana a hannun mutanen da suka sami horo. Na huɗu shi ne mai tsanani, inda ake ganin yaron na iya cutar da kansa ko wani a kowane lokaci, har wani zubin sai an ware masa mutum guda da ba zai rabu da shi ba. Daga baya an ƙara wani mataki a saman wannan, domin 'yan kaɗan ɗin da lamarinsu ya fi na kowa wuya. Ma'aunin bai tsaya ga hali kaɗai ba, yana duba rashin lafiyar jiki, kamar yaron da ke numfashi da na'ura ko ake ciyar da shi ta bututu, da naƙasar ƙwaƙwalwa, da shaye-shaye.

Kowane mataki yana da farashinsa, wanda hukumar lafiya da walwalar jama'a ta jihar ke tsayarwa gwargwadon abin da majalisar dokoki ta ware a kasafin kuɗin shekara biyu. A jadawalin da ya fara aiki a watan Satumba na 2017, mafi ƙarancin abin da ya wajaba ya isa hannun iyalin da ke riƙon yaro a rana shi ne dala 27.07 a matakin yau da kullum, dala 47.37 a matsakaici, dala 57.86 a na musamman, da dala 92.43 a mai tsanani. A wannan jadawalin, cibiyoyin jiyya da yara ke kwana a cikinsu sun riƙa karɓar abin da ya ninka haka: dala 197.69 a rana a mataki na musamman, dala 277.37 a mai tsanani, da dala 400.72 a matakin da ke sama da shi. Kalma guda da aka shigar a fayil ɗin yaro tana iya ninka kuɗin riƙonsa fiye da sau uku, kuma ita ce ke nuna irin gidan da zai iya karɓarsa da wanda ba zai iya ba.

Saboda nauyin wannan kalma ne jihar ta raba ikon amincewa da ita gida biyu. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin yaro yana iya sa shi a matakin yau da kullum lokacin da ya shigo hannun hukuma, amma duk abin da ya haura wannan ya fi ƙarfinsa. Sai ya haɗa takardu, wato takardar neman wuri wadda ke ɗauke da tarihin yaron da halayensa da lafiyarsa da karatunsa, tare da rahoton masanin halayyar ɗan Adam ko likitan ƙwaƙwalwa na kwanan nan, ya aika wa wata ƙungiya mai zaman kanta da jihar ta ba kwangilar wannan aiki. Shekaru da yawa ƙungiyar Youth for Tomorrow da ke birnin Arlington ce ke riƙe da kwangilar. Ma'aikatanta su ke karanta takardun, su gwada abin da ke ciki da ma'aunin kowane mataki, su yanke hukunci. Amincewar tana da wa'adi: ana sake duba matsakaici sau ɗaya a shekara, na musamman da mai tsanani kuma duk bayan wata uku, sannan jami'i ko mai riƙo yana iya neman a duba kafin lokaci idan al'amarin yaron ya canza, kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda bai gamsu ba.

Hikimar da ke cikin wannan rabo a fili take, kuma ina ganin ta cancanci a yaba mata. Da an bar wa cibiyar da ke karɓar kuɗin ikon cewa ga matakin yaro, da kowane yaro ya zama mai tsanani a takarda, ko da babu mai niyyar zamba, domin ɗan Adam yana ganin abin da ke amfanarsa kafin ya ga wanda ba ya amfanarsa. Da an bar wa hukumar da ke biya ita kaɗai, da duk lokacin da kasafin kuɗi ya yi ƙaranci an ga matakan yara suna sauka ba tare da sun sami sauƙi ba. Shigo da na uku wanda ba ya ci ba ya biya hanya ce ta kare yaron daga ɓangarorin biyu. Gwamnatin tarayya ma ta bi irin wannan tunani a dokar da ta kafa a 2018 kan fifita zaman iyali, inda ta ce ba za ta ci gaba da biyan kasonta na ajiye yaro a cibiyar jiyya bayan mako biyu ba sai wani ƙwararre mai zaman kansa ya auna yaron cikin kwana 30, kotu kuma ta amince cikin kwana 60.

Sai dai shi wannan na ukun yawanci takarda yake gani, yaron kuwa bai taɓa haɗa ido da shi ba. A nan ne rubutu ya zama komai. Ma'aikatan wannan fanni suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba, kuma a tsarin matakan kulawa maganar ta tabbata har ƙarshenta. Mariƙiyar da ta kwana uku ba ta rintsa ba saboda yaro yana firgita cikin barci yana neman fita waje, idan ba ta rubuta kwanan wata da sa'a da abin da ya faru da abin da ta yi ba, mai dubawa ba zai ga komai ba sai wata uku na zaman lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan tsari sai ya iya zana yoyon a takarda kafin a yarda akwai shi. Mariƙan da suka ƙware wajen cike takarda suna samun matakin da ya dace da yaransu, waɗanda kuma suka fi ƙwarewa wajen lallashin yaro fiye da riƙe alƙalami sukan ƙare da ƙasa da abin da suke bukata, alhali aikin da suke yi ɗaya ne ko ma ya fi.

Akwai kuma illar da rubutun yake yi wa yaron kansa, wadda ta fi damuna. Tun da mataki yana hawa ne da munin hali, mai rubutu ya san cewa faɗa da gudu daga gida da fasa kaya su ne ke da nauyi a ma'auni, ranar da yaro ya taimaka a kicin ko ya ci jarrabawa ba ta da shi. A hankali fayil ɗin yakan koma jerin laifuffuka, kuma wannan fayil ɗin ne gida na gaba zai karanta kafin ya ce ya karɓa ko ya ƙi. Abin da yaro ya yi yana ɗan shekara tara, cikin makon da aka raba shi da mahaifiyarsa, yana iya bin sa daga takarda zuwa takarda har ya kai shekara goma sha shida, kowane sabon jami'i yana kwafa daga na baya. Iyalin da ke da yara ƙanana a gida, idan suka ga an rubuta cewa yaro ya taɓa wasa da wuta, da wuya su tsaya tambayar yaushe ne kuma a wane hali.

A na'ura mai ƙwaƙwalwa ta hukumar, wadda ake kira IMPACT, ana shigar da matakai iri biyu ga kowane yaro, kuma rashin bambance su yana rikita mutane da yawa. Akwai matakin da aka amince da shi, wanda ke bayyana bukatar yaron, akwai kuma matakin biya, wanda ke nuna abin da ake biyan wurin da yake zaune. Sau da yawa sukan zo ɗaya, amma ba kullum ba. Idan yaron da aka amince masa da mataki na musamman yana zaune a gidan da kwangilarsa ba ta wuce matsakaici ba, matsakaicin za a biya. Idan yana masaukin gaggawa, kuɗin rana guda ne tsayayye ko da wane mataki yake. Ga mai duba lissafi wannan bambanci ƙaramin abu ne na ofis, amma duk wanda ya jera matakan biyu gefe da gefe zai ga a cikinsu adadin yaran da jihar da kanta ta amince suna bukatar kulawar da ba ta samar musu ba. Kwanan wata ma yana da nasa nauyin, domin amincewar da wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba tana iya tsayar da biya ko ta rage shi, kuma wani kaso na kuɗin gwamnatin tarayya ce ke mayarwa ƙarƙashin dokar walwalar jama'a, ita kuwa tana aiko masu bincike su duba fayil-fayil, abin da ba shi da hujja a rubuce ta ce a dawo mata da shi.

Matakin yana bin yaro har bayan ya bar riƙo. Iyalin da suka ɗauki yaro ya zama nasu na dindindin suna iya samun tallafin wata-wata, wanda iyakarsa dala 400 ce ga yaron da ke matakin yau da kullum da dala 545 ga wanda ke matsakaici ko sama da haka. Matakin da ke rubuce a lokacin ƙulla yarjejeniyar shi ake dubawa, don haka jinkirin jami'i guda wajen aika takardu yana iya shafar aljihun iyali na tsawon shekaru.

Babban aibin tsarin, wanda masu aiki a cikinsa suka daɗe suna kuka da shi, shi ne yadda yake hukunta nasara. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara goma sha uku da ya shiga cibiyar jiyya a mataki mai tsanani. Ya sami ma'aikacin da ya yarda da shi, ya saba da likitansa, maganinsa ya daidaita, faɗa ya ragu. Bayan wata uku mai dubawa ya karanta rahoto ya ga sauƙi, ya saukar da shi zuwa na musamman, kuma bisa ma'aunin da ke gabansa bai yi kuskure ba. Bisa jadawalin 2017, cibiyar ta rasa dala 79.68 a kowace rana, kusan dala 2,400 a wata, a kan yaron da har yanzu yake bukatar mutanen nan da suka kawo masa sauƙin. Idan ya ƙara samun sauƙi ya sauka zuwa matsakaici, wata cibiyar ba ta ma da kwangilar riƙe shi, dole ya tattara kayansa. Sabon gida, sabuwar makaranta, sabon likita, wani lokaci a gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, domin Texas ƙasa ce mai faɗi da ta fi Faransa girma. Yaron da rabuwa ce asalin ciwonsa an sake raba shi da waɗanda ya saba da su, sai halin ya dawo, matakin ya sake hawa, a sake nema masa wani wuri. Manyan yara sukan gane wannan lissafi da kansu, su fahimci cewa natsuwa tana iya jawo musu ƙaura. A ganina, tsarin da zai koya wa yaro wannan darasi ya yi masa ɓarnar da babu adadin kuɗin da zai gyara.

Tushen matsalar shi ne an ɗora wa ma'auni guda ayyuka uku a lokaci ɗaya: ya bayyana halin yaro, ya tsayar da farashi, ya kuma zaɓi wurin zama. Ga shi kuma ma'aunin tsani ne mai hawa da sauka kawai, alhali bukatun yara ba a jere suke a kan layi ɗaya ba. Yarinyar da aka ceto daga masu fataucin mutane, da yaron da ke fama da ciwon galahanga, da wanda ke shan ƙwaya, duk suna iya faɗawa mataki na musamman, a biya musu kuɗi ɗaya, alhali abin da kowannensu ke bukata daga mai riƙonsa bai yi kama da na ɗan'uwansa ba.

Kotu ma ta leƙa cikin waɗannan fayil-fayil. A 2011 ƙungiyar kare haƙƙin yara ta Children's Rights ta shigar da ƙara a madadin yara kimanin 12,000 da ke hannun jihar na dogon lokaci, kuma a watan Disamba na 2015 mai shari'a Janis Graham Jack ta kotun tarayya da ke Corpus Christi ta yanke hukunci cewa Texas ta tauye musu haƙƙin da tsarin mulki ya ba su. Cikin abubuwan da ta gano akwai yawan canza wa yara wuri, da nauyin aiki da ya fi ƙarfin jami'ai, da bayanan da ke warwatse a wurare daban-daban ta yadda sabon jami'i ba zai iya sanin tarihin yaro cikin sauƙi ba. Daga cikin umarnin da suka biyo baya akwai wajabta rubuta tarihin cin zarafi ta hanyar lalata a fayil ɗin yaro da kuma sanar da mai riƙonsa, wanda ke nuna cewa ƙarancin rubutu yana da haɗari kamar yadda yawansa yake da shi. Shari'ar ta ja shekaru ana kai ruwa rana, har a watan Oktoba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta cire mai shari'a Jack daga kan ƙarar. A tsakiyar wannan, a watan Yuli na 2021, adadin yaran da aka rasa inda za a sa su ya kai 416, suna kwana a ofisoshin hukuma da otal-otal, kuma mafi yawansu matasa ne masu manyan bukatu na ƙwaƙwalwa da hali, wato waɗanda matakinsu ya fi tsada a takarda su ne suka fi rasa mai karɓarsu.

Gyara ya zo ta hanyoyi uku, kowace da nata lokacin. Ta farko ita ce miƙa aikin nemo gidaje ga ƙungiya guda a kowane yanki, wanda aka fara gwadawa a yammacin jihar a 2013, aka kai shi yankin Fort Worth a 2014, majalisa kuma ta faɗaɗa shi a 2017. An tsara a riƙa biyan irin wannan ƙungiya kuɗi guda na gauraye a kan kowane yaro a rana, ba tare da duba matakinsa ba, da nufin ta riƙa samun riba idan yaro ya sami sauƙi ya koma gidan iyali mai araha. Tunanin yana da kyau, sai dai ita ma ƙungiyar dole ta sami ma'aunin da za ta biya gidajen da ke ƙarƙashinta, don haka matakan suka sauko hawa ɗaya kawai ba su ɓace ba. Ta biyu ita ce shigo da wani gwaji na bai ɗaya mai suna CANS, wanda masanin halayyar ɗan Adam John Lyons ya ƙirƙiro, majalisa ta wajabta shi a 2015, aka fara aiki da shi a 2016 ga yara 'yan shekara 3 zuwa 17 cikin kwana 30 da shigowarsu. Abin da ya bambanta shi da tsohon ma'auni shi ne yana tambayar ƙarfin yaro da baiwarsa da mutanen da yake dogaro da su, tare da raunin da ya samu, kuma ana yin sa ne ta hanyar zama da yaron da mai riƙonsa.

Ta uku ita ce mafi girma. A watan Janairu na 2025 jihar ta fara sauya matakan da wani sabon tsari da ake kira T3C, wanda ya ajiye tsani ya kawo rukunin hidimomi 24 da ƙarin tallafi guda uku. Akwai rukunin riƙo na yau da kullum, da na matsalar ƙwaƙwalwa da hali, da na shaye-shaye, da na masu rashin lafiya mai sarƙaƙiya, da na waɗanda aka yi fataucinsu, da na masu naƙasar ƙwaƙwalwa ko galahanga. Ƙarin tallafin kuwa ya shafi matasan da ke gab da cin gashin kansu, da 'yan matan da ke da ciki ko goyo, da dangin da suka karɓi riƙon ɗansu. Sabon nau'in gwajin CANS ne ke ba da shawarar rukunin da ya dace, kuma gida ko cibiya sai ta nuna tana da ma'aikata da horo da tsarin jiyyar da rukunin ke bukata kafin a ba ta shaidar gudanar da shi. An maida hankali daga tambayar yadda yaro ya munana zuwa tambayar abin da za a yi masa, kuma wannan ci gaba ne na gaske.

Duk da haka ban ga an rabu da tsohuwar matsalar gaba ɗaya ba, domin kowane rukuni yana da nasa farashin, kuma duk inda farashi ya bambanta, abin da aka rubuta a takarda zai ci gaba da jan kuɗi zuwa wani ɓangare. Yaron da ya sami sauƙi a rukunin matsalar ƙwaƙwalwa zai zauna a gidan da yake ne kawai idan gidan yana da shaidar rukunin da zai koma, kuma mariƙan sun yarda su ci gaba da shi a kan kuɗin da ya ragu. Shawarar gwaji kuma ba ta haifar da gado inda babu shi: jihar tana da gundumomi 254, da yawansu ƙauyuka ne masu nisa da kowace cibiya, kuma idan rukunin da aka ba yaro shawara babu mai gudanar da shi a kusa, jami'insa zai sa shi inda ya samu, ya rubuta dalili. An tsara kammala sauyin zuwa ƙarshen watan Agusta na 2027, kuma kafin lokacin tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wasu yaran ana biya musu da tsohon mataki, wasu da sabon rukuni, jami'in da ke riƙe da fayil-fayil nasu kuma dole ya iya shigar da duka biyun daidai.